Fatawa Kan Kayan Maƙulashen Japan Ga Ɗalibar Da Ta Shiga Sabon Zango

Tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni ɗaliba ce da ke karatun digiri na biyu a wata jami'a a ƙasar Japan, kuma a watan Afrilun nan ne muka shiga sabon zango, domin a nan daga Afrilu shekarar karatu take farawa. Al'adar mutanen nan ce duk wanda ya yi tafiya a lokacin hutu ya dawo da tsarabar kayan zaƙi na garin da ya je, wadda suke kira omiyage, ya ajiye a kan teburin ɗakin bincike kowa ya ɗauka. A makon farko teburin ya cika da mochi da senbei (biskit ɗin shinkafa) da dorayaki (ƙananan fanke biyu da aka haɗa da cikon wake mai zaƙi) da cakulan iri-iri, na kuma ɗanɗana da yawa daga cikinsu. Daga baya wata 'yar'uwa Musulma ta ce mini bai kamata in taɓa komai ba matuƙar babu tambarin halal a jikinsa, saboda suna zuba giya da abubuwan alade a abinci. Mene ne hukuncin cin waɗannan kayan, kuma yaya matsayin abin da na riga na ci? Idan farfesana ya miƙo mini da hannunsa, yaya zan yi?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. 'Yata, Allah ya yi wa karatunki albarka, ya sa ki gama lafiya.

Maganar 'yar'uwarki tana da gaskiya a wani ɓangare, domin lalle ana zuba giya da abin da aka samo daga alade a cikin wasu kayan maƙulashe na Japan, amma hukuncin da ta gina a kan wannan gaskiya ya fi ƙarfin hujjarsa. Tambarin halal shaida ce da wata hukuma take bayarwa bayan ta bincika masana'anta, kuma samunsa yana kwantar da hankali, sai dai rashinsa ba ya mayar da halal haram. Asali a abinci shi ne halacci, kamar yadda Allah ya ce wa mutane baki ɗaya a aya ta 168 ta Suratul Baƙara su ci daga abin da ke cikin ƙasa yana halal mai daɗi, kuma a aya ta 119 ta Suratul An'am ya faɗa cewa ya riga ya fayyace mana abin da ya haramta. Son zaƙi kuwa ba abin kunya ba ne ga ɗalibin ilimi, domin Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana son kayan zaƙi da zuma. Saboda haka aikinki shi ne ki san abin da ke cikin kowane fakiti, sannan ki ba shi hukuncin da ya dace da shi.

Kayan zaƙin gargajiya na Japan, waɗanda ake kira wagashi, mafi yawansu daga tsirrai ake yin su, kuma tarihin ƙasar ne ya jawo haka. Tun shekara ta 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman wasu dabbobi saboda tasirin addinin Buddha, kuma ƙyamar nama ta daɗe a cikin al'ummar har zuwa zamanin Sarki Meiji, wanda aka sanar cewa ya ci naman sa a 1872. A wannan dogon lokaci ne sana'ar kayan zaƙinsu ta ginu a kan shinkafa da wake da sukari. Mochi shinkafa ce mai danƙo da aka turara aka kirɓa, anko kuwa jan waken azuki ne da aka dafa da sukari har ya yi laushi, shi ne ake cusawa a cikin daifuku, wato mochi mai ciko, da dorayaki. Yokan, wanda yake kama da abin da aka daskarar da jelatin, da kanten ake daskarar da shi, kanten kuwa daga ciyawar teku ake fitar da shi. Yatsuhashi na birnin Kyoto garin shinkafa ne da sukari da kirfa, kasutera na Nagasaki, wanda 'yan Fotugal suka kawo a ƙarni na 16, ƙwai ne da fulawa da sukari. Duk waɗannan a asalin haɗinsu halal ne ba tare da wani saɓani ba, kuma kasancewar wanda ya haɗa su ba Musulmi ba ne ba ya cutar da komai, domin sharaɗin addinin mai aiki yana shiga ne a yanka kaɗai. Haka kuma duk abin da aka yi da kifi ko jatan lande ko wata dabbar teku, irin senbei mai jatan lande, halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, saboda aya ta 96 ta Suratul Ma'ida da kuma hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa game da teku, cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne.

Amma abin da masana'antu suke sayarwa a yau ba kullum yake tsayawa a kan haɗin gargajiya ba, shi ya sa karanta jerin sinadaran da ke bayan fakiti ya zama aikin da nake ganin ya hau kanki. Wannan ba waswasi ba ne. Abu Sa'alaba al-Khushani ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da cin abinci a cikin ƙoren Ahlul Kitabi, waɗanda a ruwayar Abu Dawud aka ce suna dafa alade a tukwanensu suna shan giya a kofunansu, sai ya umarce shi da ya nemi wasu idan ya samu, idan kuma bai samu ba ya wanke ya ci. A nan mun ga cewa inda haram ta yawaita a abincin mutane, Shari'a tana buƙatar ɗan taka-tsantsan gwargwadon iko, ba tare da ta rufe ƙofar ci ba. Wasu ɗalibai suna kafa hujja da hadisin Nana A'isha wanda mutane suka ce ana kawo musu nama ba su san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, aka ce musu su yi bismilla su ci. Wannan hadisi yana magana ne a kan yankan mutanen da suka musulunta ba da daɗewa ba, don haka ba a ɗaukarsa a ɗora shi a kan yankan wanda ba Musulmi ba ne kuma ba Ahlul Kitabi ba ne. Mafi yawan mutanen Japan mabiya Shinto ne da Buddha, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kuwa Yahudu da Nasara ta keɓe. Saboda haka soyayyen dankali da sauran kayan gishiri da aka rubuta cewa an ƙara musu ɗanɗano da romon alade, ko na kaza, ko na sa, ki bar su duka, sai dai idan an tabbatar da yankan halal ne. Kitsen alade kuwa hukuncinsa hukuncin namansa ne a wajen dukkan malamai.

Inda malamai suka yi doguwar muhawara shi ne jelatin, wanda ake samu a alewar taunawa da mashmalo da wasu nau'o'in yogot da kek mai sanyi. Ana fitar da shi ne daga fata da ƙashin dabba, galibi alade ko sa, wani lokaci kifi, ta hanyar jiƙawa da dafawa har sinadarin da ke riƙe da fatar ya narke. Tambayar ita ce ko wannan sarrafawa ta kai matsayin istihala, wato rikiɗewar abu daga haƙiƙarsa zuwa wata haƙiƙa daban har sunansa da siffarsa su canza. Ita kanta ƙa'idar istihala tabbatacciya ce a fiƙihu, domin Shehu Khalil a cikin Mukhtasar ɗinsa ya lissafa giyar da ta daskare ko ta koma khal a cikin abubuwa masu tsarki, Hanafiyya ma sun ce dabbar da ta faɗa mahaƙar gishiri ta zama gishiri ta tsarkaka, Ibn Taimiyya kuma ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A kan wannan ne taron da Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci ta shirya a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa jelatin ya rikiɗe, don haka ya halatta. Amma kafin nan, a 1986, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta yanke cewa bai halatta ga Musulmi ya yi amfani da jelatin na alade a abinci ba, ta kuma ce a cikin wanda ake samu daga tsirrai da dabbobin da aka yanka bisa Shari'a akwai wadatuwa.

Ra'ayin da nake ba ki fatawa da shi shi ne na biyun, wato na Majalisar Fiƙihu da ta hana, saboda dalilai biyu da suka haɗu a halinki. Rikiɗewar jelatin ba cikakkiya ba ce, domin abin da ya faru shi ne an tsinka sinadarin fatar gunduwa-gunduwa ba tare da ya zama wani abu daban ba, har ma masana suna iya gwada shi a ɗakin bincike su gane daga wace dabba ya fito, wanda kuwa ba haka lamarin khal yake da giya ba. Sannan ke ba ki cikin lalura, domin magana ake yi a kan alewa, a ƙasar da kanten yake ko'ina. Da magani ne likita ya rubuta miki a cikin ƙwanson jelatin kuma babu madadinsa, da amsar ta bambanta. Ki lura cewa rubuta jelatin na sa ba ya warware matsalar, domin fata da ƙashin dabbar da ba a yanka bisa Shari'a ba hukuncin mushe gare su a wajen Malikiyya, amma na kifi halal ne. Duk da haka, idan kika ga wani ɗalibi daga wata ƙasa yana ci bisa fatawar malaman da suka halatta, kada ki ɗauke shi mai cin alade, domin mas'ala ce ta ijtihadi da manyan malamai suka saɓa a kanta.

Sai maganar barasa, wadda ita ce ta fi rikita ɗalibai a Japan, saboda abubuwa mabambanta ne ake tarawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Akwai giya ta haƙiƙa da ake zubawa a kayan zaƙi domin a ji ɗanɗanonta da ƙamshinta, kamar sake, wadda ake yi da shinkafa kuma ƙarfinta ya kai kusan kashi 15 cikin 100, da kuma abin da suke rubutawa da sunan yoshu, wato giyar Turawa irin ram da burandi da ake sa wa kek da cakulan. Akwai cakulan da ake cika cikinsa da giya, akwai Kit Kat mai ɗanɗanon sake da aka fitar a 2016 wanda shi kansa kwalinsa ya faɗi cewa akwai barasa a ciki. Waɗannan haramun ne, kaɗan ɗinsu da mai yawansu. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa duk abin da ke sa maye giya ne kuma duk giya haramun ce, Khalil kuma ya ce abinci mai ruwa-ruwa yana najastuwa da najasa ko da kaɗan ce, haka ma daskararre idan tana iya ratsa shi. Shi ma taron Kuwait ɗin da ya sassauta a kan jelatin bai sassauta a nan ba, domin ya hana cin abincin da aka zuba wa giya komai ƙanƙantarta, har ya ambaci cakulan a matsayin misali. Hujjar cewa giyar ta ɓace a cikin abincin ba ta tsayawa, tunda an zuba ta ne domin a ji ta, kuma ana jin ta.

Mirin yana buƙatar bayani na musamman domin mutane da yawa suna ɗaukarsa kayan miya ne kawai. Na ainihi, wanda ake kira hon-mirin, barasarsa ta kai kusan kashi 14 cikin 100, dokar harajin giya ta Japan tana lissafa shi cikin giya, kuma a da can ana shan sa a matsayin abin sha mai zaƙi. Don haka hukuncinsa hukuncin giya ne, bai halatta ki saya ki ajiye a ɗakin girkinki ba. Ana sa ɗan cokalinsa a ƙullin dorayaki da miyar da ake shafa wa wasu senbei da dango, wato curin garin shinkafa, sannan a gasa. Wasu malaman zamani sun sassauta a irin wannan idan wuta ta ci shi har babu sauran ɗanɗano ko ƙamshi ko launi, amma gashi ba ya tabbatar da ƙonewar barasa gaba ɗaya, kuma a ƙa'idar mazhabarmu ƙullin ya riga ya gauraya da najasa tun kafin ya hau wuta. Don haka idan kika ga an rubuta mirin, ki bar shi. Akwai wani kwaikwayonsa mai suna mirin-fu wanda barasarsa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba kuma ba a yin sa domin sha, wannan lamarinsa da sauƙi. Haka amazake da ake sayarwa lokacin sanyi iri biyu ne, wanda aka yi da shinkafa da koji, wato abin da suke tsima shinkafa da shi, babu barasa a cikinsa, wanda kuma aka yi da dusar da ta rage bayan tace sake, shi ne za ki guje wa.

Daban da wannan akwai 'yar barasar da take samuwa da kanta idan abinci ya tsimu, kamar a shoyu, wato miyar waken suya, da miso, wato tsimammen ƙullin waken suya, da burodi da khal. Wannan ba ta haramta abinci. Shoyu gishirinsa ya kai kusan kashi 16 cikin 100, babu mai iya kwankwaɗarsa har ya bugu, kuma ba a yi shi domin haka ba. Hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, cewa abin da mai yawansa yake sa maye to kaɗan ɗinsa haramun ne, ma'auninsa shi ne abin da ake ci ko ake sha ɗin kansa, idan aka yawaita shi zai bugar ko ba zai bugar ba. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance ana jiƙa masa zabibi ya sha a ranar da kashegari har zuwa yammacin rana ta uku, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas, kuma ya yabi khal da cewa madalla da shi a matsayin mahaɗi. Kunun zakin da ya kwana ya ɗan yi tsami ma haka yake, babu wanda ya ce ya haramta matuƙar bai kai ga bugarwa ba. Kusa da wannan akwai abin da suke rubutawa da sunan shusei, wato tsantsar sinadarin barasa da ake ɗiga kaɗan domin hana abinci lalacewa ko narkar da kayan ƙamshi da launi. Taron 1995 ya halatta irin wannan saboda ya game abinci ta yadda kauce masa yake da wuya, kuma mafi yawansa yana tashi a lokacin sarrafawa. Ni ma a kan haka nake, wanda kuma ya bar shi domin tsantseni ya kyauta wa kansa, sai dai kada ya ɗora wa wasu.

Abin da ya rage shi ne sinadaran da ba a bayyana asalinsu ba, kamar nyukazai, wanda ke haɗa mai da ruwa, da man gashi irin shotenin da majarin, waɗanda ke cikin yawancin biskit da cakulan. Ana iya samun su daga tsirrai, ana iya samun su daga dabba. Idan an rubuta cewa daga waken suya ne, magana ta ƙare. Idan ba a rubuta ba, ki sani cewa a tsarin Japan alade da jelatin suna cikin abubuwan da ake kwaɗaitar da kamfanoni su yi gargaɗi a kansu saboda masu rashin lafiyar abinci, ba sa cikin waɗanda aka tilasta, don haka rashin ganin gargaɗin ba tabbaci ba ne. Kusan kowane fakiti yana ɗauke da lambar wayar sashen sauraron masu saye, kuma abin da kike yawan ci ya cancanci ki tambaya sau ɗaya ki huta, ko ki tambayi 'yan'uwa a masallacin garinku, domin Musulmi sun daɗe a ƙasar, masallacin Kobe tun 1935 yake tsaye. Idan tambaya ba ta yiwu ba, kuma babu wata alama da ke nuna dabba, ya halatta ki ci bisa asali, domin shakka kaɗai ba ta haramtawa. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Umar cewa an kawo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cuku a Tabuka, sai ya nemi wuƙa ya yi bismilla ya yanka, ba tare da ya tsananta bincike ba.

Game da abin da kika riga kika ci, babu laifi a kanki, ko da daga baya ta bayyana cewa akwai giya ko jelatin a ciki, domin Allah ya ce a aya ta 5 ta Suratul Ahzab babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure, sai dai abin da zukatanku suka yi da gangan. Sallolinki ingantattu ne, babu kaffara, kuma ba a neman ki yi amai. Abin da aka ruwaito cewa Sayyidina Abubakar ya amayar da abincin da ya gano daga kuɗin bokanci yake, tsantseni ne irin na siddiƙai, ba a wajabta wa kowa shi ba.

Karɓar kyautar wanda ba Musulmi ba halal ne, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, kuma aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta yi izinin kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Tsarabar da aka ajiye a kan tebur kuwa ba ta da wahala, tunda yawanci kowane guda a naɗe yake daban kuma jerin sinadaran yana jikin babban kwalin, sai ki duba ki ɗauki wanda ya dace ki yi godiya. Idan farfesanki ya miƙo miki da hannunsa, ki karɓa da ladabi, ba dole ba ne ki buɗe nan take. Idan kika duba kika ga akwai giya ko alade, kada ki ci, kada kuma ki sayar ko ki ba wani da hannunki, domin Muslim ya ruwaito cewa wani mutum ya kawo wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, kyautar salkar giya, da ya ji an haramta ta sai ya yi nufin a sayar, Annabi ya ce masa Wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita, sai mutumin ya zubar. Abin da ya fi shi ne tun yanzu da zango yake sabo ki shaida wa farfesan da abokan aikinki cewa addininki ya hana ki alade da giya, har da mirin da jelatin, domin su san abin da za su miƙo miki nan gaba. A watan nan kuma ake shirya liyafar maraba da sababbin ɗalibai da zaman kallon furannin sakura, kuma sau da yawa ana sha a wurin. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir hanin zama a kan teburin da ake kewayawa da giya, don haka ki je ki gaisa ki ci abin da ya halatta kafin a fara sha, ko ki ba da uzuri, idan kuma taron na shayi ne da wagashi to ki zauna a yi da ke har a tashi.

Allah ne mafi sani.